Ƙololuwar Shinkafar Warsiti

Shekara hamsin cif Warsiti ta yi tana kuka a gaban jama'a ana tafa mata. Ta fara da kukan gimbiya a kan dandamalin katako tana 'yar sha takwas, lokacin da ƙungiyarsu ta 'yan wasa ke yawo ƙauye-ƙauye da rumfar gora. Daga baya masu fim na birnin Jakarta suka ɗauke ta, ta yi kukan amarya, ta yi na uwa, ta zo ta yi na kaka, a fim sama da sittin. Kofunan yabo sun cika mata kabad har mai aikinta na mitar goge su. Amma in ta koma gida, faranti ɗaya ake ajewa a kan tebur.

Da masu shirya mata bikin cika shekara hamsin suka tambaye ta inda take so a yi, ta ce Yogyakarta. Suka ce wa da wa za a gayyata, ta ce duk wanda suka ga dama. Kati ɗaya tak ta karɓa ta rubuta da hannunta, na Darmaji, makaɗin gangar ƙungiyarsu ta da, wanda ke zaune a wani ƙauye kusa da Klaten.

Makaɗin ganga ba fuskar 'yar wasa yake kallo ba, ƙafarta yake kallo. Shekara shida Darmaji yana zaune a ƙasan dandamali idonsa a kan sawunta. Tana da wata shigowa tata: taku biyu, sai ta ɗan ja ƙafar hagu, ta dakata kamar mai sauraron wani abu, sannan ta sauke na uku. A cikin wannan dakatawar yake sako mata kiɗa, shi kaɗai ya san tsawonta. Ranar da ya yi mata maganar aure, takardar masu fim na cikin jakarta. Ta ce masa fim ɗaya ne, wata uku ta dawo. Shekara arba'in da huɗu ke nan.

Ranar bikin da hantsi zauren taron ya cika. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka haska tsofaffin hotunanta a bango. Ita kuwa ƙofa take kallo. Kujerar da ta sa aka keɓe a sahun gaba na nan babu kowa, sai jakar wata mata da aka ɗora a kai.

Sai aka shigo da tumpeng, shinkafar nan ruwan ɗorawa da ake dafawa da madarar kwakwa da gangamau a tsira ta kamar dutse, kewaye da kaza da ƙwai. Aka miƙa mata cokali. Kowa ya san abin da ya rage: mai biki zai yanke ƙololuwar ya ba wanda ya fi kowa matsayi a zuciyarsa, a gaban kowa.

Pak Suroto, tsohon ɗan wasan da suka fito daga rumfa ɗaya, ya matso da sandarsa.

"Warsiti, sau huɗu na aure ki a fim, sau biyu na mutu saboda ke. In ba ki ba ni ba, Allah ya isa."

"Sau huɗun ma duk sakina ka yi, Mas," ta ce, yadda suke kiran yaya namiji don girmamawa. "Koma ka zauna kafin gwiwar nan ta kunyata ka."

Aka kwashe da dariya. Mai kamfanin fim ya gyara wuyan rigarsa ya ɗan taso gaba. Masu hoto suka durƙusa. Warsiti ta yanke ƙololuwar ta ɗora a ƙaramin faranti. Ta ɗaga ido ta bi fuskoki ɗari uku da kallo. Duk suna sonta, ta sani, wasu ma da hawaye a idonsu. Amma babu wanda ya taɓa ganin ta tana cin abinci ita kaɗai a tsaye a kicin.

"A ba ni ganyen ayaba," ta ce.

Aka kawo mata. Ta naɗe shinkafar a ganyen, ta soke da tsinke, kamar yadda ake ƙunshe wa maƙwabcin da bai samu zuwa walima ba. Suroto ya dube ta, wasan ya bar fuskarsa.

"Har yanzu?" ya ce a hankali.

"Ka ba su haƙuri, Mas. Ka iya jawabi."

Kafin la'asar motarta ta tsaya a ƙofar wani gida mai rufin jan bulo a bakin gonar shinkafa. Wata mata ta fito tana goge hannu da zane, ta tsaya cak.

"Inna lillahi! Bu Warsiti? A gidanmu? Da na sani ai da na yi shara!" Bu, wato uwa, haka suke girmama babbar mace. Matar ta ce sunanta Ningrum, 'yar Darmaji ce. Sai ta rage murya. "Katin ya iso, Bu. Fifita babana yake yi da shi. Tun rasuwar mahaifiyata ya fara mantuwa, yanzu ni ma wata rana Ningrum ce, wata rana mai sayar da kifi."

Yana zaune a kan gadon gora a baranda, ya rame, gashinsa fari fat. Warsiti ta durƙusa a gabansa.

"Mas Darmaji. Ni ce."

Ya yi mata murmushin ladabi. "Sannu da zuwa, Bu. Daga asibiti ne? Na sha maganin, kada yarinyar nan ta yi min sharri."

Ta faɗi sunanta. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin barkono. Ta ambaci rumfar, ta ambaci daren da iska ta yaye musu rufi, ta ambaci Suroto. Ya ci gaba da fifita da katinta. Ita da ta sa mutum dubu kuka da ɗaga gira ɗaya, ta rasa yadda za ta yi da fuskarta.

Ta miƙe don ta ba Ningrum ƙunshin. Takalmanta na can bakin matakala, ƙafarta tsirara a kan siminti. Ta yi taku biyu, ƙafar hagu ta ja da kanta yadda ta saba, ta dakata.

Tak. Tak-tak.

Ta waiwayo. Katin ya faɗi ƙasa. Yatsunsa na kan gwiwarsa, idonsa a kan sawunta.

Ta koma ƙarshen barandar ta sake shigowa, ya kaɗa mata. Ta sake, ya sake. Ningrum ta toshe baki da gefen zanenta. Sau bakwai Warsiti ta ratsa barandar nan da ciwon ƙugunta, ba fitila, ba kwalliya, kaji na tsattsagar ƙasa a tsakar gida.

"Wa ya koya miki tafiyar nan?" ya ce, bai ɗago ba. "Kin iya, ba laifi. Amma kina gaggawa a na uku. Mai ita ba ta gaggawa, jira na take yi."

"Zan gyara, Mas."

Ta zauna kusa da shi ta kwance ganyen. Ya ga tsinin shinkafar, ya zaro ido.

"Ƙololuwa? Ni? Me na yi?"

"Ka ci kawai."

Ya yi bisimilla ya ci da yatsu, a hankali. Da ya kai rabi sai ya tsaya, ya naɗe sauran da kyau ya mayar da tsinken.

"Wannan na Warsiti ne. Ta je Jakarta, wata uku ta ce. Ba ta cin abinci in ba a matsa mata ba." Ya dube ta da damuwa. "Ko kina bi ta can, Bu?"

"Ina bi."

"To ki ba ta hannu da hannu. Ki tsaya sai kin ga ta ci."

A hanyar komawa direba ya tambaye ta ko a kunna rediyo, ta ce a'a. Ta buɗe ganyen a kan cinyarta. Shinkafar ta huce, ta fara ɗan tsami, ga shaidar yatsunsa a gefe. Ta cinye tas, har ƙwayoyin da suka maƙale a ganyen.