Hanyar Gidan Foman

Shekara talatin da ɗaya Foman ya yi yana shimfiɗa wa mutane kwalta, amma 'yar hanyar da ta tashi daga ƙofar gidansa zuwa bakin titi, wadda duka-duka ba ta wuce taku arba'in ba, ita ce ta gagare shi. Ya daɗe da barin aikin shugaban ma'aikata, sunan ne bai bar shi ba. Har matarsa Foman take ce masa, musamman in tana son tsokanarsa.

Ƙasar wurin laka ce, mai danƙon nan da ke kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage in ta bushe. Ruwan sama kuwa ba ya sallama. A shekara da ƙyar ake samun wata uku da mutum zai shanya kaya ya fita hankali kwance. Kowace shekara kwaltar takan dare, gefen hagu ya lotsa, shi kuma ya fito da baro da shebur da tukunyar narka kwalta, ya share tsagar, ya zuba, ya daddaɓe. Aiki mai kyau, ba ƙarya, maƙwabta har tsayawa suke su yaba. Da shekara ta zagayo sai a koma gidan jiya.

Ba wai bai san dalili ba. Lokacin da ya gina gidan, da hannunsa ya haƙa lambatu a gefen hagun, don ya ɗauke ruwan da ke gangarowa daga tudu. Sai wata shekara aka tura shi aikin wani titi mai nisa, ya yi wata bakwai. Ya dawo ya tarar matarsa ta cike lambatun da ƙasa, ta jera bulo, ta shuka wardi da na'a-na'a da ɗan itacen lemun tsami. Ta tarye shi a bakin ƙofa, hannu duk ƙasa, baki har kunne. Mutumin da ke tsayar da tirela goma da ɗaga hannu ɗaya ya buɗe baki ya ce, "Ya yi kyau." Shekara ashirin da shida ke nan, kuma tun daga ranar yake liƙe tsaga.

Da haka za a yi ta tafiya, ba don ciwon ƙoda ya kama ta ba. Likita ya ce wankin ƙoda sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, ba fashi. Motar asibiti ce ke zuwa ɗaukarta, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Wata Litinin, bayan an kwana uku ana sheƙa ruwa, tayar motar ta baya ta faɗa wurin da ya lotsa, kwaltar ta ɓare, laka ta kama tayar. Sai da aka kira mutum biyar daga titi kafin aka turo ta. Ranar saura kaɗan a bai wa wani gadonta a asibiti.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji direban, yana goge takalminsa a ciyawa. "Daga yau a bakin titi zan tsaya. In motar nan ta sake maƙalewa, aikina ne a bakinsa."

Foman bai ga laifinsa ba. Sai dai keken marasa lafiya ba ya tafiya a kan hanyar da ta koma kamar bayan kunkuru, shi kuma ya haura saba'in, ba zai iya goya ta ba. In ta rasa wanki biyu a jere, ya san abin da likita ya ce zai biyo baya.

Ya aika wa tsohon abokin aikinsa, wanda kowa ke kira Mai Rola, don shi ne ya yi shekaru yana tuƙa masa motar daddaɓe kwalta. Mai Rola ya zo da ƙaton cikinsa, bai ko zauna ba ya hau hanyar. Ya taka nan, ya taka can. Da ya isa gefen hagu ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, sai ruwa mai launin toka ya tsattsafo ta tsagar ya jiƙa masa takalmi.

"Foman, kai fa ka koya mini wannan," ya ce. "Kwalta riga ce kawai. In ƙasa na shan ruwa, ko riga goma ka sa mata banza ne."

"Na sani."

"To me kake jira?"

Foman ya dubi lambun. Itacen lemun ya fi shi tsawo yanzu. Daga tagar ɗakinta ana hango shi, kuma tun da ta kwanta nan take yini tana kallo.

"Ka tambaye ta mana," in ji Mai Rola.

"Zan tambaye ta."

Bai tambaye ta ba. Sau biyu ya shiga ɗakin da niyyar magana, sau biyu ya fito da kofin shayin da ta gama sha. Ran Alhamis shi da Mai Rola suka ɗaga ta da keken har bakin titi, suna haki. A asibiti likita ya ce za a riƙe ta har Litinin don a canja mata robar da ke wuyanta. Foman ya dawo gida shi kaɗai, ya tsaya a tsakar hanya ya ɗaga kai sama.

Yana da doka guda da duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya haddace: ba a buɗe laka sai an ga rana kwana uku a jere. Ya taɓa sallamar mutum a kan wannan dokar. Ranar kuwa kwana ɗaya da rabi kacal aka yi ba ruwa, ga wani gajimare a gabas da ko makaho zai ji ƙamshinsa. Amma kwana huɗu ba ta gida, kuma in ta dawo ta tarar an gama, ba sauran abin tambaya. Wannan shi ne duk lissafinsa.

Juma'a da safe suka sa diga. Suka ɓamɓare kwaltar gefen hagu, suka kwashe bulon, suka tumɓuke wardin suka dasa a tsofaffin bokitan fenti. Itacen lemun bai tumɓuku ba, sai sara. Foman da kansa ya sare shi, bai dubi taga ba ko da yake ya san ba kowa a ciki. Kafin azahar ta Asabar sun buɗe tsohon lambatun daga sama har ƙasa, an juye musu tsakuwa da bututu a bakin titi. Da la'asar sama ta ɓalle.

Sun ja tamfol, iska ta yaye shi. Lahadi ruwa ya yini. Abin da ya fi ɗaure wa Foman kai shi ne, lambatun yana gudu yadda ya kamata, yana kwashe ruwan tudu tas, amma tsakiyar hanyar sai ƙara narkewa take. In ka sa shebur, sai ka yi kokawa kafin lakar ta sakar maka shi. Mai Rola ya rasa takalmi ɗaya a ciki, ya ce ya yafe.

Litinin motar asibiti ta tsaya a bakin titi. Sun shimfiɗa katakai a kan lakar, kuma direban, da ya ga abin da ya gani, bai jira an roƙe shi ba ya kama ƙafar keken. Su uku suka ɗauko ta. Ta rame, ga farin bandeji a wuyanta. Da suka kai tsakiya ta ce, "Ku sauke ni."

Suka sauke ta a kan katakon. Ta dubi kututturen lemun, ta dubi bokitan fenti a jere a baranda, ta dubi ramin. Foman ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, har ya gwammace ta yi kuka ko ta zage shi.

"Foman," ta ce, "wa ya ce maka daga nan ruwan yake zuwa?"

"Daga tudu yake gangarowa."

"Na tudu daban. Wannan daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa. Miƙo mini sandata."

Mai Rola ya miƙa mata. Ta nuna kusurwar katanga, taku shida daga inda suka haƙa, can bayan inda na'a-na'a take a da.

"Can. Ko da rani wurin bai taɓa bushewa ba. Ban taɓa ba na'a-na'ar nan ruwa ba ko sau ɗaya. Wardi uku na dasa a wurin, duka saiwarsu ta ruɓe."

Foman ya ɗauki shebur ya nufi kusurwar, laka na tsotsar ƙafarsa. Bai kai zurfin gwiwa ba ruwa garai-garai ya taso yana juya yashi, ya cika ramin yana kallo. Idon ruwa ne, ɗan ƙarami, kuma gangarensa kai tsaye ƙarƙashin kwaltar yake bi.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun shekara ta biyu."

"Ba ki faɗa ba?"

"Kai ne Foman. Mutum ya shimfiɗa titin da tirela ke bi, ni mai shuka na'a-na'a zan koya masa ruwa?" Ta gyara mayafinta. "Kai ma ai ba ka tambaye ni kafin ka sare mini lemuna ba."

Mai Rola ya sa ido a ƙasa kamar mai neman takalminsa. Direban ya ce yana da wani majinyacin da zai kai gida.

Kwana biyu suka yi a kai, ita tana baranda cikin bargo tana nuni da sanda. Suka ja rami daga idon ruwan zuwa lambatu, suka kwantar da bututu mai huji-huji, suka rufe da tsakuwa. Suka kwashe lakar da ta narke, suka cike gurbin da manyan duwatsu, sannan ƙanana, suka daddaɓe. Kwalta kam sai rani. Foman ya faɗi haka da bakinsa, ba wanda ya tuna masa.

Alhamis da safe ana yayyafi motar ta iso. Direban ya sauko ya taka tsakuwar da ƙafa, ya yi tsalle sau biyu, sannan ya koma ya shigo da baya a hankali har bakin baranda. Tayar ba ta nutse ba. Suka shigar da ita, Foman ya gyara mata bargo a ƙafa. Ya ce yau zai tsaya ya ƙarasa gefen katanga, ya kuma mayar da wardin ƙasa kafin su bushe.

Ta sa direban ya sauke gilashi.

"Kar ka taɓa komai sai na dawo," ta ce.

Motar ta fita. Wankin awa huɗu ne, in ba a sami matsala ba, kuma likita ya daina cewa ba za a samu ba. Foman ya jingina shebur a bango, ya jawo kujera bakin baranda inda ake hango titi, ya zauna. Bai taɓa komai ba.