Faifai Goma Sha Ɗaya Marasa Suna

Tun safe takardar take kan teburin Injiniya, ba ta sa hannu ba. Layi uku ne kacal: kamfaninsu ya gama aiki da wani asibitin haihuwa, an goge duk bayanan matan da ke zuwa awo, ba abin da ya rage. Hannunta kawai ake jira, ita kuwa ba ta sa hannu a kan abin da idonta bai gani ba.

Kamfanin ba ya ajiye manyan kwamfutoci a ofis. Hayarsu yake yi a intanet, a kafa yau a rushe gobe, kowace da faifanta na ajiya. Wanda bai san aikin ba zai zaci in an goge na'ura faifan ya bi ta. Ba ya bi sai an umarce shi. Akwai ɗan akwatin da ake dannawa a allo tun ranar kafawa don faifan ya gogu tare da na'urar, amma a ofishin nan an mai da tsallake shi ɗabi'a, wai don ko-ta-kwana. Lalaci ne aka sa wa riga.

Ta buɗe jerin faifan. Goma sha ɗaya na zaune, ba na'ura, ba suna, kamar kwanukan da aka ci aka tura ƙarƙashin gado.

Ta kira abokin aikinta da ya yi gogewar, wanda ake wa laƙabi da Na-Gama.

"Zo ka ga ƙazantarka."

Ya taho yana tauna, ya dafa kujerarta da hannu mai maiƙo. "Haba Yaya, tun makon jiya na kashe su duka."

"Na'urorin ka kashe. Waɗannan fa, 'ya'yan wa?"

"To ai ba sa cizo. Wa zai buɗe?"

Ta haɗa ɗaya da na'urar gwaji don ta san mai shi. Sunayen mata suka zubo, da lambobin waya, da sakamakon jini, da wadda ta yi ɓari sau uku. Ta rufe da sauri. Kwana shida sirrin mutane na yashe inda duk mai kalmar sirrin ofis zai iya leƙawa.

Manaja ya leƙo. "Injiniya, asibiti sun bugo sau biyu. Zaɓe su duka ki goge, mu huta."

"Ranka ya daɗe, ba suna a jikinsu. In na makarantar da muke wa aiki na ciki fa?"

Ya yi tsaki ya fita. Na-Gama ya zame zai bi shi, ta ce, "Ja kujera, ƙanena. Tare za mu kwashe."

Ɗaya bayan ɗaya suka bi su. Tara na asibiti ne, biyu na makarantar, ɗauke da sakamakon jarrabawar shekara guda. Ta goge taran, ta sa shi ya rubuta wa biyun suna.

Sannan ta jawo takardar. An buga mata kwanan watan makon jiya. Ta ja layi a kansa, ta rubuta na yau, ta sa hannu, ta kai wa Manaja.

Ya duba, ya ɓata fuska. "Yanzu sai sun tambayi abin da ya faru a kwana shidan nan."

"Su tambaya," in ji ta. "Ga Na-Gama nan, ya iya bayani."

Ta wuce banɗaki ta wanke hannunta da sabulu, sau biyu.