Ruwa a Kabarin Ishbel

Dougie mai haƙa kabari ya sake jefa bokiti cikin ramin, ya jawo shi cike da ruwa ja kamar shayi, ya watsar. Kafin ya miƙe, ruwan ya koma inda yake.

"Ka dai gani da idonka, Lachlan," in ji shi. "Tun safe nake kwasa. In muka sa akwati a nan jibi, na rantse iyo zai yi."

Lachlan Gillies ya ƙura wa ramin ido, yayyafi na sauka a kan sanƙonsa. Ranar Lahadi matarsa Ishbel ta cika, kuma abu ɗaya ta roƙe shi: a kwantar da ita kusa da 'yarsu Morag, wadda ta rasu tun tana ƙarama. Ga gurbin nan an haƙa. Amma hukuma ta ce in bai bushe ba, sai dai a kai ta sabuwar maƙabarta, can kan tudu, bakin hanyar manyan motoci.

"Wannan ya fi ƙarfin bokiti," in ji Dougie. "Nemo Torquil."

Nemo Torquil kuwa ba wasa ba ne. Kowane kwari na tsibirin nan da gidan wiskinsa, amma injiniyan magudanar ruwa shi kaɗai ne. Lachlan ya buga waya har ya gaji, na'ura ce ke amsawa. Ya nemi na ƙetare, suka ce iska ta hana jirgin ruwa tashi. Sai a kanti wata mata ta gaya masa Torquil yana bakin teku, inda ake gina sababbin rumbunan ajiye gangunan wiski. A nan ai ganga ta fi mutum gata. Ba a yarda ko ɗigo ya taɓa gindinta, mu kuwa mu jiƙe mu da matattunmu.

Ya same shi cikin taɓo har gwiwa, yana yi wa direban katafila ihu.

"A'a, Baba Lachlan! Ka zo duba ko za mu ɓata maka gangunanka ne? Ai ka yi ritaya daga gidan wiski, ka bar wa yara." Sai ya ga baƙin laktayen makoki da ke wuyan tsohon, dariyar ta ɗauke. "Na ji rasuwar. Sannu, Baba. Ya haƙuri?"

"Haƙuri da sauƙi. Ruwa ne ya cika mata kabari."

Torquil ya waiwayi ramukan da ya buɗe. "Mutanen nan sun ɗaure ni. In na ɗaga ƙafa yau, manajan gidan wiskin zai cinye ni ɗanye."

"To ya cinye ka. Wadda ta koya maka rubuta sunanka ce kwance a ɗakin gawa, ba ta da wurin zuwa. Ban taɓa roƙon ubanka komai ba, kai nake roƙo."

Muryarsa ta karye a ƙarshe, kunya ta kama shi. Torquil ya ɗauko wani dogon ƙarfe ya jefa a bayan motarsa.

A maƙabarta ya yi ta zagaye yana soka ƙarfen a ƙasa, ya zaro, ya duba, ya ƙara gaba. Can ya dawo yana goge hannu a wando.

"Tsohon bututun da kakanninmu suka binne ne ya rufta. Duk ruwan tudun nan a kan ramin yake taruwa. Zan iya busar da shi kafin jibi, amma sai na ba ruwan hanya zuwa teku. Ta sama dutse ne. Ta dama Morag ce, ta ƙasa kuma kaburburan mutane ne jere." Ya nuna ciyawar da Lachlan ke tsaye a kai, hagu da ramin. "Nan kaɗai ya rage. Wannan gurbin na waye?"

Dougie ya sunkuya yana gyara igiyar bokitin da ba abin da ya same ta.

"Nawa ne," in ji Lachlan.

Torquil ya sauke hannunsa a hankali. "Baba, in bututu ya bi ta nan, ba a ƙara binne kowa a wurin. Har abada."

"Ba wata dabara?"

"Da akwai, da na faɗa."

Iska ta kawo ƙamshin sha'ir da ake dafawa a gidan wiskin da ke ƙasan kwari. Lachlan ya dubi dutsen kabarin Morag, ya dubi ruwan da ke rawa cikin ramin. Tun ƙuruciya bai taɓa tunanin zai kwanta nesa da Ishbel ba, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Dougie," ya ce, "can sabuwar maƙabartar kan tudu, ƙarar motocin tana da yawa?"

"Akwai ta kam."

"To, da ma kunnen nawa ya fara mutuwa."

Ya mayar da hularsa, ya sauka daga kan ciyawar, ya ba su wuri.