Neman Abokiyar Karkatacciya

Shago na huɗu ke nan cikin kwana uku, kuma har lokacin ban ji jitar da ta isa ta tsaya kusa da Karkatacciya ba.

Karkatacciya ita ce jitata mai lantarki. Daga jikinta ta samo sunan: ƙugunta ba daidai yake ba, ɓangaren sama ya zame gaba, na ƙasa ya ja baya, kamar mutumin da ya jingina da bango yana jiran mota. In ka zauna ka ɗora ta a cinya sai ta kwanta maka luf, ko ka saki hannu ba ta zamewa. Muryarta siririya ce, tas, kamar an ƙwanƙwasa kofin gilashi. Shekara goma sha tara muna tare, kuma a iya sanina babu hannun da ya taɓa kaɗa ta sai nawa. Matata ma in tana goge bangon falo, in ta zo inda take rataye sai ta rusuna ta ce, "Ranki ya daɗe, a ɗan matsa," sannan ta kewaye ta.

Matsalar ba ta Karkatacciya ba ce, ta Auta ce, ƙanena, wanda yake kaɗa jita ta biyu a ƙungiyarmu. Shekara shida yana kaɗa jitar aro, mai ita kuma ya dawo daga tafiya ya karɓi abarsa. Ga shi ranar Asabar za mu shiga situdiyo mu ɗauki waƙoƙi biyar da muka daɗe muna gogewa. Na ce ni zan zaɓa masa sabuwa, tunda ni na san irin muryar da za ta dace da tawa. Ranar farko Auta ya ce to da fara'a. Rana ta biyu ya ce to yana latsa waya. Da safiyar rana ta uku ya gaya mini, ko murya bai ɗaga ba, cewa wata ƙungiya tana nemansa, suna da jita a ajiye, kuma in yau ma muka koma hannu rabbana to in nemi wani ranar Asabar.

Na ce masa ya je ɗin mana, wa ya riƙe shi. Amma na san Auta ba ya maimaita magana. Kuma ba mai jita kawai zan rasa ba. Tun da ya yi aure ya bar gidana, kiɗan nan ne kaɗai yake haɗa mu a ɗaki ɗaya sau biyu a mako. In aka cire shi, gaisuwar waya ce za ta rage mana, ita ma mun san yadda take ƙarewa.

Ni ina da tsarina na gwada jita, kuma ba na son a sa mini baki. Akwai wata 'yar takarda a walat ɗina, ta tsufa har ta yi laushi, a jikinta na rubuta lambar da kowane maɓallin amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, yake tsayawa in zan kaɗa Karkatacciya. Duk shagon da muka shiga sai in fito da ita, in murɗa amfilifayarsu daidai da lambobin, in zauna, in hau can saman wuyan jitar in kaɗa layin da nake buɗe waƙarmu ta farko da shi. In muryar ba ta kai ta Karkatacciya ba, a mayar. To, wace ce za ta kai? Wata ja ta yi tsini da yawa har haƙorina ya amsa. Wata fara ta yi kyau a ido, da na kaɗa sai na ji kamar daga cikin bokiti take magana. Wata kuma irin Karkatacciya ce sak, har da karkataccen ƙugun, ita ce ma ta fi ba ni haushi, don kwaikwayo take yi kuma ba ta iya ba. Auta yana tsaye a gefe da hannuwa a aljihu. A shago uku, sau ɗaya na miƙa masa jita, shi ma don in ɗaure takalmina ne.

Shago na huɗun yana saman wurin masu gyaran taya, ana hawa ta wani siririn bene da sai ka karkace. Ciki warin dalma da gam, ga ƙarar injin iska tana tasowa daga ƙasa lokaci-lokaci. Mai shagon dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, ya ɗaure ƙafar tabarau ɗinsa da guntun tsirkiyar jita. Yana zaune yana liƙa wata wayar lantarki da dalma, ya bar ni na gwada guda shida na mayar. Ta ƙarshe wata baƙa ce mai kauri, nauyinta kamar buhun siminti, muryarta kuma ta mai mura. Ko layin ban ƙarasa ba na jingine ta na yi tsaki.

Sai a lokacin Baba ya ɗago. Ya tambayi abin da nake nema, na yi masa bayani dalla-dalla, har da tarihin Karkatacciya. Ya saurara har na gama, sannan ya tambayi inda take. Na ce tana gida, ba na yawo da ita cikin turmutsutsun kasuwa a ƙwarzane mini ita.

Ya ce, "Wato ka zo sayen takalmi ka baro ƙafar a gida."

Auta ya juya baya yana kallon bango, amma na ga kafaɗarsa tana rawa don dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Baba shekara goma sha tara ina jin muryarta, ko a mafarki na san ta. Ya ce bai musa ba, amma shi a shagonsa ba a haɗa jita biyu da baki, sai an ji su tare. Ya koma kan wayarsa ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Na duba agogo, na dubi Auta, na sauka benen ina ƙunƙuni. Awa ɗaya da rabi na yi a hanya, zuwa da dawowa, cunkoso kamar kowa a garin ya tashi ƙaura. Matata ta ga na sauke Karkatacciya daga bango na sa a akwati, ta tambaya ko asibiti za a kai ta. Na fice na tari tasi. A tasi na ƙi sa ta a but, na rungume ta a kujerar baya, direba yana ta leƙena ta madubi.

Da na dawo Baba ya jona mana amfilifaya biyu. Na riƙe tawa, Auta ya ɗauki wata ja ta shagon, muka fara. Ba mu yi nisa ba na tsayar. Sautin ya cakuɗe, ba ka sanin wa ke magana. Ya ɗauki wata, haka. Ya ɗauki ta uku, haka. Ina saman wuya, shi ma sai ya hauro saman wuya, muna ta tattake wa juna ƙafa. Mai haɗa mana sauti ya shekara yana faɗa mini wannan maganar, cewa jitocinmu wuri ɗaya suke rububi, ni kuma kullum in ɗora laifin a kan jitar aro.

Na ce wa Auta ya sauka ƙasa, ya riƙe mini kauri, ya bar mini sama. Ya sauka. Baba ya miƙa masa baƙar nan mai mura, ya ce ita ce gwanar ƙasa. Auta ya kaɗa, bai yi kuskure ko ɗaya ba, amma kamar mai rubutu da hannun hagu. Babu rai a ciki. Na ce ya saki jiki, ya ce ya saki. Na ce bai saki ba. Muka sake, muka sake, injin iska yana ta gurnani a ƙasa, zufa ta jiƙa mini riga, haushi ya cika ni fam. Na fara gaya masa magana, irin wadda yaya yake gaya wa ƙane in ya manta ƙanen ya yi gemu.

Baba ya cire tabarau ya ce, "Ku yi musaya."

Na yi kamar ban ji ba. Ya maimaita, ya ce tun ɗazu yake kallon hannuwanmu: ni duk sanda na manta kaina sai babban yatsana ya gangara kan tsirkiyoyi masu kauri, shi kuma yaron hannunsa sama yake nema. Na ce masa da girmansa, amma Karkatacciya ba a ba da aronta. Tana da halaye, wanda bai san ta ba zai lalata ta cikin minti ɗaya.

Auta ya jingine baƙar a hankali. Ya ɗauki makullinsa a kan kanta, ya yi wa Baba godiya, ya roƙe shi ya yafe mana ɓata masa lokaci da muka yi. Sannan ya dube ni.

"Yaya, ni zan wuce."

Ba fushi a fuskarsa, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. Har ya sa ƙafa a matakalar farko. Ban san lokacin da na cire maɗaurin daga kafaɗata ba. Na ce ya dawo ya karɓa, waƙa ɗaya tak, kuma ya cire agogonsa tukuna.

Ya dawo ya cire agogon ya karɓe ta. Na buɗe baki zan fara lissafa masa halayenta, don guda uku ne, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Gadar da tsirkiyoyi suke hawa a kai tana lilo, sai an tura ta tsakiya kafin a fara, in ba haka ba sauti ya karkace. Akwai ɗan maɓalli a sama da ya saki, in hannu ya goge shi murya ta dushe. Tsirkiya mafi kauri kuma in ka doke ta da ƙarfi sai ta yi tsalle ta bar gurbinta.

Kafin in ce uffan, Auta ya sa babban yatsa ya tura gadar tsakiya, ko kallonta bai yi ba. Ya lanƙwasa hannu ya kauce wa maɓallin. Ya shafi tsirkiya mai kaurin a hankali, yadda ake shafa kan jariri.

Na zuba masa ido. Da ƙyar na ce, "Yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Lokacin da nake gidanka, Yaya, kana aikin safe a maɗaba'a. In ka fita in sauke ta, kafin ka dawo in goge ta da rigata in mayar. Kamar shekara uku. A kanta na koya."

Na tambaya ko matata ta sani. Ya ce Anti ce take tsaya masa a taga.

Na rasa wanda zan fara shaƙewa. Na fizgi baƙar na rataya, nauyinta ya danne mini kafaɗa, na ce ya ƙirga mu fara, don in nuna wa tsohon nan bai san abin da yake faɗa ba. Auta ya miƙa hannu ya rage maɓalli ɗaya a amfilifaya, ya kauce wa lambar da ke takardata. Na haɗiye wannan ma.

Ya shiga da layin buɗewa. Ni kuma na sauka ƙasa, don nan ne kawai baƙar take da abin faɗa, na dafa masa da tsirkiyoyi masu kauri. Sai abin ya zauna. Muryar murar nan da na raina ta shimfiɗu a ƙasa, Karkatacciya ta hau kanta tana tafiya, kowace da hanyarta, babu mai taka wata. Karo na farko ke nan da na ji jitata daga gaba, tana fuskantata. Ashe haka take. Ashe in aka rage mata tsinin nan har wani zaƙi gare ta da ban taɓa ba ta damar fitarwa ba. Kuma yaron nan yana jan sautin yana sakinsa a wuraren da ni kullum nake wucewa a guje.

Muka kai ƙarshe. Na jira Baba ya ce ai ya faɗa, don in samu inda zan sauke haushina. Ko kallonmu bai yi ba, ya mayar da tabarau ya ci gaba da liƙa wayarsa. Na ce mu sake wata waƙar, ina fatan ta watse. Ba ta watse ba. Ta uku ma ta ƙi watsewa. Ban taɓa jin haushin abu don ya yi daɗi ba sai ranar.

Baƙar muka saya. A titi Auta ya riƙe akwatin Karkatacciya, ni ina jan nawa ina sauya hannu duk bayan taku ashirin. Ban ce na ba shi ba, shi ma bai tambaya ba, amma da muka isa tashar bas babu wanda ya miƙa wa wani komai. Na ce kar ya jingine ta kusa da taga, rana tana busar da wuyan. Ya ce ya sani. Na ce a sassauta tsirkiya in za ta kwana biyu ba a kaɗa ba. Ya ce ya sani, Yaya. Na ciro 'yar takardar daga walat na miƙa masa, ya duba, ya mayar mini, ya ce in juya bayanta in rubuta lambobin sabuwar.

Motarsa ta tsaya. Ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya waiwayo.

"Ƙarfe nawa ne ranar Asabar?"

Na ce goma. Ya ce zai zo tara, mu sa sababbin tsirkiyoyi. Na tsaya ina kallo ta gilashi, ya zauna ya rungume akwatin a ƙirji, bai yarda ya ajiye a ƙasa ba.

A gida matata ta dubi bangon da babu komai, ta dubi baƙin akwatin, ta ci gaba da ninke kaya kamar ba ta ga komai ba. Na tsaya a kanta na ce, "Shekara uku, ko?"

Ta ce, "Huɗu."

Na zauna a kujerata ta kullum, na fito da baƙar na ɗora a cinya, na saki hannu yadda na saba. Ta zame za ta faɗi, na yi wuf na tare ta. Wannan sai an riƙe ta.