Tabon Ƙarshe na Anselmo

Jiya da dare wani irin mafarki na yi, wallahi har yanzu bai sake ni ba.

Na tsinci kaina a Sifaniya. Ƙasar ja wur, ruwan sama kuma daga ƙasa yake tsirowa yana haurawa sama, mutane na tafe da lema a kife tana tare musu ƙafa. Tun a nan na ce anya. Ni fa ko mai nama ya rantse mini na yau ne, sai na shinshina.

Sai ga ni a wani ofis. Wata akuya da tabarau tana bayan tebur tana tuƙa. A gabanta wani dogon Bature mai furfura, gwiwarsa ɗaure da bandeji.

"Malam Tasi'u, ka makara," in ji akuyar. Ban faɗa mata sunana ba, wannan ma na ajiye shi a raina. "Wannan Anselmo Berruezo ne, ɗan wasan tanis, yau yake ajiye wasa. A garin nan duk mai ajiye wasa sai ya nuna tabon ƙwallo ko ɗaya da aka yi gardama a kansa a wasansa. In babu, to bai taɓa wasa ba, shi kansa ma ba a taɓa yin sa ba. Kai ne shaida."

"Me ya sa sai ni?"

"Ba ka yarda da kowa."

Na ji daɗi, amma ban nuna mata ba.

Kafin in ƙifta ido muna ratsa filayen da ya yi wasa a rayuwarsa, an jera su kamar gonakin gado. Yana ɗingishi yana ba ni labari. A nan ya fara, yana dukan bangon gidan ubansa da ƙwallo har bangon ya kai ƙara. A can ya riƙa kwana a tashar jirgin ƙasa yana bin ƙananan gasa gari-gari. A wancan gwiwarsa ta ce masa ita dai ta gaji. Babban kofi kuwa bai taɓa ɗauka ba. Ni dai ƙasa nake kallo, kuma ko'ina fes.

"Malam Anselmo, labari ya yi daɗi. Ina tabon?"

"Malam, a jar ƙasa ƙwallo na barin tabo inda ta sauka," ya ce. "In an yi gardama, ka duba ka ga ta abokin wasanka ta taɓa layi, wato ta shiga, sai ka sa ƙafa ka goge tabon. Ka sallama masa ke nan. Ni kuwa duk na goge nawa."

Ka ji fa! Mutum ya shekara da shekaru yana wasa, bai taɓa cin zalin kowa ba? Na dube shi sama da ƙasa, na ƙara riƙe takalmina da ke hammata.

A fili na ƙarshe muka tarar da akuyar a kan doguwar kujerar alƙalin wasa, tana cin ragar filin. Can gefen farin layi ga tabo guda, an zagaye shi.

"Ƙwallon ƙarshe ta wasana na ƙarshe," in ji Anselmo. "Abokin wasana ya bugo ta, na ce waje ta faɗa. Shi kaɗai ya rage mini."

"Shaida, duba," in ji akuya.

Na durƙusa. Tsakani da Allah ban ga komai ba, ni da ko dokar wasan ban sani ba. Amma bakina ya riga ya saba.

"Anya kuwa bai taɓa layi ba?"

Anselmo ya lanƙwasa gwiwar nan da ƙyar, ya kai fuskarsa daf da ƙasa, ya daɗe yana kallo. Ya miƙe.

"Wataƙila ka fi ni gani," ya ce, ya ɗaga ƙafa.

"Kai, tsaya! Ni haka nake ce wa kowa!"

Ina! Ya riga ya goge. Bandejin ne ya fara faɗowa ƙasa, babu gwiwa a ciki. Na kai hannu in riƙo rigarsa, iska na damƙo. Tausayi da kunya suka rufe ni, na dinga ƙwala masa kira.

Akuyar ta leƙo ta saman tabarau.

"Malam Tasi'u, wa kake kira?"

Sai na ji shar, shar, shar. Na buɗe ido, ashe maiɗakina ce ke sharar tsakar gida. Na yi wuf na leƙa ta taga na ce mata ta dakata. Ta ce ai ta gama.