Motar da Ba Ta Shan Mai

Adawiyya ta riga ta sa rabin jikin mahaifinta a tsohuwar motar Malami direba lokacin da Baffa Badaru, ƙanen mahaifin nata, ya iso yana haki ya riƙe ƙofa.

"Mi kike yi haka? Hitar da shi!"

"Baffa, igiyar ƙasa tat taɓa shi. Can asibiti sun ce babu allurar dahin, sai Sakkwato."

"Na sani. Amma a ce uban Mujaheed anka ɗauka cikin motar haya, tsakanin buhunnan albasa, ga motar ɗanshi tsaye ƙohwar gida? Mi mutanen Taloka za su ce da mu?"

Da safiyar nan mahaifin nata, Malam Mainasara, ya je fadama juya albasar da ya adana, ya sa ƙafa cikin busasshen ganye, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Ƙafar ta riga ta kumbura har ƙwauri. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san saran kububuwa ba ya jiran a gama shawara, amma Baffa Badaru mutum ne da ya fi tsoron bakin mutane a kan dafin maciji.

Motar da yake magana kuwa tun jiya ta hana garin sakat. Mujaheed, ƙanen Adawiyya da ya samu duniya a Abuja, shi ya zo da ita wajen sunan ɗan Baffa. A kan tirela aka kawo ta Sakkwato, daga nan ya tuƙo ta gida. Baƙa ce, doguwa, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, kuma ba ta da ƙara ko kaɗan. Masu lissafin dukiyar wasu sun ce kuɗinta zai sayi fadamar Taloka har da ta Kagara. Abin da ya fi tafiya da hankalin jama'a, a wannan zamani da fetur ya gagari talaka, shi ne wai ba ta shan mai. Yinin jiya cur Mujaheed ya yi yana ɗaukar manyan gari bi da bi, ya tsuga gudu da su zuwa Goronyo ya dawo, suna fitowa suna gyara rawani suna salati.

Sai ga shi ya fito da makulli a hannu, ido ja don bai gama farkawa ba.

"Yaya, ki bari in kai shi. Kahin waccan akwalar ta kai Achida mun shiga Sakkwato."

"Ka tabbata?"

Ya ɗan yi jim. Adawiyya ta ga jim ɗin da idonta, kuma har gobe tana jin haushin kanta da ba ta tsaya a kansa ba.

"Tana kai mu," in ji shi.

Malam Mainasara ya buɗe ido ya ce a sa shi a motar ɗansa. Magana ta ƙare. Malami ya girgiza kai, ya cika motarsa da 'yan kasuwa ya wuce.

A faɗi gaskiya, motar ta yi abin da aka saye ta dominsa. Kujera ta rungume tsohon kamar katifa, sanyi ya ratsa ko'ina, itatuwan bakin hanya suka riƙa wucewa kamar ana fizge su. Adawiyya na baya, kan mahaifinta a cinyarta, tana share masa jinin da ya fara tsattsafowa daga dasashi da gefen mayafinta. Har ta fara cewa a ranta wataƙila Baffa ne da gaskiya.

Sun shiga ƙasar Wurno ke nan wani abu ya yi ƙara a gaban direba. Mujaheed ya kashe sanyin. Can kuma ya rage gudu. Motar da ta tashi kamar iska ta koma tafiyar jaki mai kaya, har babura suna wuce ta masu su na waiwaye.

"Mujaheed, mi na na?"

Ya kafe titi da ido.

"Da kai nike!"

"Wuta ta ƙare, Yaya. Jiya na so in sa ta caji, ba a kawo wuta ba. Na ɗauka abin da yar rage na isa."

Motar ta gangara a hankali ta tsaya a gefen titi, kusa da wata rumfar kara. Babu tari, babu hayaƙi, babu ko irin kukan da tsohuwar mota kan yi ta ba mutum haƙuri. Ta yi shiru abinta kawai.

Mai rumfar wani dattijo ne da ke sayar da fetur a galan. Da ya leƙo ya ga halin da marar lafiya ke ciki, bai tsaya ciniki ba, ya suri galan da mazurari ya sheƙo.

"Buɗe tanki, Alhaji! Ku biya in kun dawo, ko kar ku biya, don Allah niy yi!"

Ya zagaya motar yana lalube da tafin hannu. Ya ga wata 'yar ƙofa a gefe ya danna, ta buɗe, ya kai mazurari.

"Kai! Kar ka zuba!" Mujaheed ya daka tsalle ya riƙe masa hannu. "Kana son ka kashe min ita? Ba ta shan mai!"

"To mi take sha?"

"Wuta."

Dattijon ya dubi galan ɗinsa, ya dubi wayoyin lantarkin da suka yi shekaru a tsinke suna lilo a kan turaku. "Alhaji, nan wutar da muke da ita ta murhu ce."

Adawiyya ta buɗe ƙofar motar. Ga taimako har gaban mota, kyauta, ga mai a hannu, amma an kawo musu abin da ya fi ƙarfin taimakon talaka. Ba ta taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba. Ta fito tsakiyar titi ta ɗaga hannu biyu. Motocin da ke wucewa duk a cike suke maƙil, wasu ma sassautawa suke yi su kalli baƙar motar su ƙara gaba. Wani ɗan kabu-kabu ne ya tsaya da babur ɗinsa.

Shi da mai fetur suka ɗora Malam Mainasara a tsakiya. Adawiyya ta juya ga ƙanenta.

"Hau bayanshi ka riƙe shi. Kai ka da ƙarhi."

Mujaheed ya dubi mahaifinsa, ya dubi motar, ya dubi dajin da ke kewaye da su.

"Yaya, kin san hanyag ga. In na bar ta nan, ko madubi ba ni iskewa. Na kira Sakkwato, za a turo janareto. Ina biyo ku yanzu-yanzu."

Ba ta zage shi ba, don zagi ma sai da sauran numfashi. Ta tattare zanenta ta hau, ta zagaye ƙirjin tsohon da hannuwanta, ta cije gefen mayafi. A hanya salansar babur ta ƙone mata ƙwauri, ba ta ma ji ba sai daga baya.

Bayan azahar, a asibitin Sakkwato, aka samu aka ɗaura wa Malam Mainasara ruwa da allurar dafin. Likitar, wata mace mai ƙarancin magana, ta ce jinin zai tsaya in Allah ya so, amma ƙafar sai an ga abin da kwana zai yi, don an daɗe a hanya. Adawiyya ta zauna a ƙasa gefen gado, ta ɗora tsumma mai ruwa a kan ƙunar.

Wayarta ta yi ƙara. Baffa Badaru ne, kuma daga hayaniyar da ke bayansa ta san a ƙofar gida yake, cikin taron 'yan suna, ya buɗe murya kowa na ji.

"Kun isa? Ai na hwaɗa miki! Ya kunka ga gudun motar?"

Ta ja numfashi. Maganar da ta taru a bakinta tun daga ƙasar Wurno ta isa ta watsa taron nan gaba ɗaya. Sai ta ji yatsu masu sanyi sun kama wuyan hannunta. Malam Mainasara ya buɗe ido da ƙyar, leɓunansa da busasshen jini.

"Ɗiyata," ya ce can ƙasa-ƙasa, "ce musu ita tak kawo ni."

Ta dubi ƙafar da ta yi baƙi a kan gado, ta dubi fuskarsa. Roƙonta yake yi.

"Adawiyya? Kina ji na?" in ji Baffa.

"Ina ji, Baffa," ta ce. "Ta kawo mu."