Sunan Orval a Jikin Ƙarfe

"Riƙe da kyau, Maxine. Ke ce ke girgiza ta."

"Ni? Dubi hannunka dai."

Muna cikin garejin Orval, na danne wata bindiga a kan tebur, shi kuma yana ƙoƙarin buga harafin farko na sunansa a jikinta. Ya ɗaga guduma ya sauke, ƙarfen harafin ya zame, ya bar ƙarzo a gefe. Orval Tjelde ya zuba wa ƙarzon ido, robar iskar numfashi tana huci a hancinsa.

Maƙwabcina ne tun ina amarya. Bayan rasuwar matarsa ya duƙufa wajen ƙera wannan bindiga, har kotar da hannunsa ya sassaƙa. Mai gajeren baki ce, irin wadda hukuma ke sa wa ido. Dole a zana sunan maƙerinta da garinsa da lamba a jikin ƙarfen, da zurfin da ba zai goge ba. In ba haka ba, 'yarsa Lorna ba za ta gaje ta ba, sai dai a karɓe a yayyanka.

"Lorna ko wuƙar yanka nama ba ta so," na ce masa.

"Na sani. Me zan bar mata? Gidan haya?"

Washegari na kai shi cikin gari wajen Darlene, mai zana suna a kofunan gasa da duwatsun kaburbura. Ta duba ƙarzon ta yi tsaki.

"Wa ya yi wannan ɓarna?"

"Maxine," in ji shi.

Na bar masa. Injin ya fara ƙara, shi kuma yana zaune a kujera yana faɗa mata haruffan ɗaya bayan ɗaya, kamar ba ta san shi ba. Da ta gama, ya shafa wurin da babban yatsa ya ce, "Kada ki goge sunan daga injin naki, Darlene. Zan dawo miki da wani aikin, na dutsen kabari."

"Rufe min baki, tsoho," ta ce, ta juya tana neman abin da bai ɓata ba.

A hanya ya roƙe ni in kira Lorna, wai in shi ne ba za ta ɗauka ba. Sun daɗe ba sa magana, tun rigimar kai mahaifiyarta gidan jinya. Na kira. Ta ce aiki ya yi mata yawa, sai ƙarshen wata.

Bai kai ba. Na shiga da kofinsa wata safiya na same shi a kujerar falo ya rasu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Lorna ta zo jana'iza. Bayan lauya ya gama abin da ya kamata, na kai ta garejin. Ta tsaya nesa da teburin, hannuwa cikin aljihu.

"Anti Maxine, ni me zan yi da wannan?"

"Ban sani ba, 'yata. Taki ce."

Ta matso, ta karanta sunan, ta ga ƙarzon. "Nan fa?"

"Nan ya gwada da kansa."

Ta shiga ɗakinsa ta ɗauko bargonsa mai ƙamshin taba, ta naɗe bindigar, ta kwantar a kujerar bayan mota. Ta tada inji amma ba ta tafi ba. Ina kallo daga tagar kicin ɗina, dusar ƙanƙara tana sauka a gilashin motar, Lorna tana sharewa, tana sake taruwa.